Wutar inji ta kama kuma mota na rawa, buji ne ko bobin ko mai?

Baban_Ummi_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ilmin mota ku taimaka min da shawara kafin ɗan abin da ke aljihuna ya ƙare. Motata Corolla ce ƙirar 2003, 'yar Beljik, inji 1.6 VVT-i, giyar hannu, ta sha hanya sosai ba laifi. Kwanan nan wutar nan mai ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a tablo ta ƙi mutuwa. Da safe in na tada ta sai ta yi ta rawa har sitiyari na karkarwa, in ta ɗau zafi ta ɗan lafa amma ba ta dainawa gaba ɗaya. A cikin gari haka nake lallaɓa ta. To ranar da na ɗauki iyali za mu Ngaundere, muna fara hawan dutsen nan na bayan Mbe sai ta soma fizga, ƙarfi ya tafi, wutar kuma maimakon ta tsaya sai ta koma ƙyaftawa, in na sassauta ƙafa sai ta daina. Mai gyarana ya canja buji huɗu, ya cire kan batir ya mayar, wuta ta mutu, na biya shi na tafi ina murna, washegari sai ga ta ta dawo. Yanzu cewa yake in kawo kuɗin bobin huɗu, masu ba buji wuta, da na wankin anjekter, masu fesa mai a inji. Shan mai ma ya ƙaru. Me kuka gani?

Direban_Kusiri:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wlh ni wannan wutar na daina kallonta. Tawa tun ranar da na saye ta a kunne take, kullum ina kai da kawo har gadar Ngeli kuma bata taɓa ajiye ni a hanya ba. Ka samo baƙin salatif ka liƙe wajen ka huta da tunani.

Kawu_Sifana:
Direba kai dai baka rabo da abin dariya. Taka a tsaye take, tashi ƙyaftawa take yi, ai ba ɗaya ba ne. In wuta ta tsaya cak, ƙwaƙwalwar mota ta ga wani abu da bai yi mata ba, kana iya lallaɓawa har garaji. In tana ƙyaftawa kuwa, akwai silindan da mai ke shiga amma baya ƙonewa, ɗanyen man sai ya gangara salansa ya je ya kama da wuta a cikin katalizer, abin nan mai tace hayaƙi, har ya narkar da shi. Ranar da ya narke ya toshe hanya, ko ka taka har ƙasa motar ba zata ja ba. Alhaji kar ka sake ɗaukar doguwar hanya da ita sai an gano bakin zaren. Kuma kar ka sayi bobin huɗu, basu cika mutuwa rana ɗaya ba sai in ruwa aka watsa musu.

Malam_Figil:
Kafin komai ka duba murfin tanki ko bai ɗauru da kyau ba. Wani ɗan'uwana haka ya sha wahala, ashe murfi ne kawai.

Injiniya_Dang:
Malam wannan gaskiya ne amma a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, su ne ƙwaƙwalwarsu ke gwada ko tururin mai na fita daga tanki. 'Yan Turai na wancan lokacin yawanci basa wannan gwajin. Kuma ko a na Amurkan, murfi baya sa inji rawa, wuta kawai zai kunna. Shi Alhaji rawa yake kuka da ita.

Yaro_Mai_Valiz:
Baba ina gaisuwa. Abin da ya fi min ciwo a labarin nan cire kan batir ɗin da aka yi. Lokacin da wutar ta kama, mota ta rubuta lambar matsalar ta ajiye, har da yanayin da inji ke ciki a daidai lokacin, gudu nawa, zafi nawa, nauyi nawa. Da aka cire batir duk an share. Ba gyara aka yi ba, shaida aka ɓatar. Tunda ta dawo yanzu kar ka bari kowa ya taɓa batir ɗin sai an karanta. Motarka tana da soket mai baki 16 a ƙasan tablo wajen gwiwar direba. Motocin esansi da aka sayar a Turai daga 2001 dole suna da shi, na Amurka tun 1996. Ba sai valiz, babbar na'urar karanta lambobin matsala, ba ma, akwai ɗan ƙaramin ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, ka sauke manhajar Torque ka karanta da kanka. In wajen masu valiz za ka je, ka ce su nuna maka lambar da idonka ka ɗauki hoto, kuma kar su share.

Baban_Ummi_Garwa:
Na gode ɗana, Allah ya yi albarka. Gobe in sha Allahu zan je a duba. Kawu na ji maganarka, na ajiye tafiya.

Hajiya_Domayo:
Ni tambaya ɗaya zan yi wa Alhaji, a ina kake shan mai? Domin ni irin haka ta faru da ni da damina, na tsaya bakin hanya aka juye min zuwa-zuwa daga bido, ban yi nisa ba mota ta fara tari tana fizga. Da aka zuƙo man aka zuba a kwalba aka ajiye, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa mai na sama, da idona na gani. Sai da aka sauke tanki aka wanke. Tun daga nan in ba dole ba sitasiyo nake zuwa.

Baban_Ummi_Garwa:
Hajiya ina haɗawa ne gsky. In aljihu da nauyi sitasiyo, in ba haka ba bakin hanya.

Sarkin_Bido:
To an fara. Komai ya samu mota sai a ce zuwa-zuwa. Hajiya da girmanki, man nan da shi rabin Garwa da Marwa suka yi shekaru suna yawo, babura da taksi da janareto duka. Akwai ɓata-gari masu haɗi ban musa ba, amma akwai masu tsoron Allah da ke tacewa da ƙyalle a gabanka. Kuma in mai ne ya lalace ai duk silinda huɗun za su sha, ba zai zaɓi ɗaya ya ƙyale uku ba.

Kawu_Sifana:
Maganarka ta ƙarshe Sarki gaskiya ce, na ba ka wannan. Amma ƙyalle yashi yake tarewa, baya tare ruwa kuma baya tare kananzir. Sannan dauɗar bido a hankali take cin anjekter, kuma anjekter ɗaya na iya riga sauran toshewa. Don haka baka fita ba tukuna.

DanMubi:
Mu a nan ɓangaren tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 harkar ta canja, ribar da ake samu da ba ita ba ce yanzu, shi ya sa wasu suka koma ƙara wa mai abin da ba mai ba don kuɗi su fito. Amma ni a ganina matsalar Alhaji kwayil ce, wato bobin, ko filogi, wato buji, na jabu. Mota tana misin in an ɗora mata nauyi a hawa, wannan alamar wuta ce mara ƙarfi. A sulo wuta kaɗan ma ta isa, amma in ka taka matsi ya ƙaru a silinda, kwayil mai rauni sai ya gaza.

Hajiya_Domayo:
Lita ta koma sefa 840 a sitasiyo a Fabrairun 2024, a 2023 tana 730, kafin nan 630. Wa zai ga laifin wanda ya tsaya bakin hanya. Ni dai abin da na gani na faɗa.

Abu_Njamena:
Mu da muke da matata a Jarmaya tun 2011 ma bamu tsira daga man kwalba ba, in aka shiga ƙarancin mai kowa bakin hanya yake komawa. Amma jama'a ku bar maganar mai haka, bawan Allah tambaya ya yi a kan motarsa.

Baban_Ummi_Garwa:
Salam, na dawo. An sa valiz, lambobi biyu suka fito, P0302 da P0171. Mai valiz ɗin yace bobin na biyu ne da kuma sond lambda, na'urar da ke auna hayaƙi a salansa, in sayo su ya ɗaura min yau. Nace ya dakata in yi shawara. Ban bari ya share ba.

Yaro_Mai_Valiz:
Madalla Baba, ka yi daidai da ka dakata. P0302 cewa take silinda na biyu yana fashin ƙonewa. Da ta farko ce sai ka ga P0301, da kuma rikicin ya game ko'ina sai ka ga P0300. Amma bata ce bobin ba. Valiz gidan da ake kuka take nuna maka, bata faɗa maka wanda ya rasu ba. Silinda abu uku yake buƙata, wuta, mai daidai da iska, da matsi. Kowanne ya samu tangarɗa lambar nan ce dai zata fito. Ita kuma P0171 cewa take iska ta yi wa mai yawa, har ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai ta kai iyakarta. Sond lambda shi ya kawo rahoton, ba lallai shi ne mai laifi ba, mutane da yawa sun saye shi a banza.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Inji a kashe kuma ya huce, a cire murfin roba na sama, za ka ga bobin huɗu a jere kowanne da ƙusa ɗaya mai lamba 10. Ana ƙirga silinda daga ɓangaren da bel ɗin alternater yake. A ɗauki bobin na biyu a kai na huɗu, na huɗun a kawo na biyu. Shi kuma bujin na biyu a musanya shi da na ɗaya. Yanzu ne za a share lambar, tunda ka riga ka ɗau hoto. Ka yi yawo da ita ka ɗan taka a inda ke da hawa, ka koma a karanta. In ta koma P0304 bobin ne. In ta koma P0301 buji ne. In tana nan a P0302 to ba wuta ba ce, sai a koma kan anjekter da matsi.

Sarkin_Bido:
Kun gani ko? Silinda ɗaya. Ina masu cewa zuwa-zuwa?

Hajiya_Domayo:
Ka karanta lamba ta biyu tukuna Sarki, mai ne bai isa ba aka ce.

Kawu_Sifana:
Yaro ya yi bayani mai kyau. Mu da muka koyi aiki kafin valiz ta zo, inji na ralanti, wato sulo, muke cire wayar buji ɗaya bayan ɗaya, wanda ka cire sautin inji bai canja ba shi ne a kwance. Wanda bai taɓa shan shokin wayar buji ba bai yi zaman garaji ba. A irin ta Alhaji soket ɗin anjekter ake cirewa, ya fi, don in bobin ka cire mai zai ci gaba da zuba yana tafiya salansa.

Abin da nake so ka lura Alhaji, in an zaro bobin ka haska ramin da tocila. Tsofaffin injinan nan robar murfin kan inji tana bushewa da zafin da muke sha a watan Maris da Afrilu, baƙin mai sai ya tsiyaya cikin ramin buji ya jiƙa robar bobin, wuta ta riƙa zillewa ta gefe maimakon ta sauka ƙasa. Ka dubi jikin robar, in ka ga wani siririn layi fari ko toka-toka kamar an zana, nan wutar ke bi. Sannan ka kalli bakin bujin da aka ciro. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau. Baƙi busasshe mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo inji na shan baƙin mai. Fari fat mai bai isa ba. In kuwa ka ga ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran da dauɗa, to ka fara addu'a, ruwan radiyater ne ke shiga silindan.

Injiniya_Dang:
Ƙari a kan na Kawu, bujin da aka sa maka sabo wane iri ne? Injin nan Denso K16R-U11 yake ɗauka ko makamancinsa na NGK, tazarar bakinsa milimita 1.1. Kasuwa ta cika da jabu masu kwali mai kyau, kuma wasu masu gyara duk bujin da zarensa ya shiga ɗaurawa suke. Tazara in ta yi faɗi bobin ne ke wahala har ya mutu.

Mai_Carina_Gidar:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Carina E ce ta 1995, ita ma wutar na kamawa lokaci-lokaci, na kai wajen mai valiz ya leƙa ƙasan tablo yace babu soket. Ya zan yi?

Kawu_Sifana:
Taka bata buƙatar valiz ɗan'uwa. Buɗe bonet za ka ga ɗan akwati baƙi an rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. A cikin murfin akwai zanen ramukan. Ka samo guntun waya ka haɗa TE1 da E1, ka murɗa makulli wutar tablo ta kawo amma kar ka tada inji. Wutar zata fara ƙyaftawa ka ƙirga. In ta yi biyu ta ɗan tsaya ta sake yin biyu, 22 kenan, na'urar zafin ruwa. 21 sond lambda, 25 mai ya yi kaɗan. In ƙyaftawa kawai take yi ba tsayawa a kan kari ɗaya, babu abin da ta ajiye. Ka tabbata ramukan da ka haɗa su ne, kar ka yi kintace. Kuma taka distiribiter gare ta da wayoyin buji, in tana fizga ka tada ta da dare a wuri mai duhu ka buɗe bonet, in wayoyin sun tsufa za ka ga tartsatsi shuɗi na tsalle.

Mai_Carina_Gidar:
Usoko Kawu, Allah ya ƙara girma.

Direban_Kusiri:
Duk wannan dogon turanci. A fasa katalizer ɗin a zubar da abin ciki mana, mota ta samu numfashi, sai ta ƙyafta har ta gaji. Akwai ma masu saye da kuɗi mai kyau.

DanMubi:
Ai saboda kuɗin ne ake sace indomin mutane, wato katalizer, a gareji, ka kai gyaran birki ka dawo salansa na ƙara. Akwai ƙarafa masu tsada a ciki irin su platinum shi ya sa ake rububinsa. Kowa ya riƙa leƙa ƙasan motarsa kafin ya bar ta ta kwana.

Injiniya_Dang:
Direba cire katalizer baya gyara silindan da baya ci. Man da kake saya da tsada zai ci gaba da fita ta salansa ɗanye, yana kuma wanke baƙin man da ke jikin silinda har segman, wato zoben fistin, su cinye. Ga warin hayaƙi ga ƙara, sannan a motar da ke da sond na biyu a bayan katalizer sabuwar lamba P0420 zata zauna maka daram, daga nan ko wata matsalar ta taso ba zaka sani ba tunda wutar kullum a kunne take.

Direban_Kusiri:
Injiniya ranar da ka fara ciyar da gida da sitiyari ka dawo mu yi magana.

Malam_Figil:
A yi haƙuri dai, kowa da inda yake masa ƙaiƙayi. Ni abin da nake son sani, cire termosta, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da ake yi mana a nan yana da hannu a irin wannan? Duk motar da ta iso daga Duwala abu na farko a cire shi a ce na ƙasar sanyi ne.

Kawu_Sifana:
Ni ban yarda da cirewar ba ko da yake abokan aikina da yawa na yi. Inji an yi shi ne ya yi aiki da zafi daidai, in babu termosta da sanyin safiya na Disamba da Janairu sai ya daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta zuba mai, buji ya yi baƙi. In mota na zafi a wanke radiyater a duba fanka, ba a cire termosta ba. Amma wannan mai yake ƙarawa, shi Alhaji ƙarancin mai lambarsa ta nuna, don haka ba nan take ba.

Baban_Ummi_Garwa:
Jama'a ga yadda aka yi. Na tsaya a kansu aka yi musanyar kamar yadda Yaro ya faɗa. Da aka zaro bobin na biyu ramin da baƙin mai a ciki, robar ta kumbura, ga layin nan da Kawu ya faɗa a jikinta. Na uku ma da ɗan danshi. Bujin ba lambar da Injiniya ya rubuta ba ce, amma dai mun bar su tukuna. Na bi hanyar Pitowa na taka ta, wuta ta ƙyafta, muka karanta, P0304. Mai gyaran da kansa yayi shiru. Na sayi bobin ɗaya na Beljik, aka canja robar murfin, aka goge ramukan, na sa aka nemo buji masu lambar daidai. Alhamdulillahi fizgar ta tafi, ƙarfi ya dawo, ƙyaftawa babu. Sai dai wutar ta sake kamawa a tsaye, P0171 ce kaɗai yanzu, kuma da safe har yanzu akwai 'yar rawa kaɗan kafin ta ɗau zafi.

DanMubi:
Ban faɗa ba? Kwayil. Oga ka turo tukuici.

Yaro_Mai_Valiz:
Barka Baba, bobin uku sun tsira a aljihunka. Da na yi zaton P0171 ɗin zata tafi da kanta, saboda silindan da baya ƙonewa iskarsa ɗanya take fita, sond ya ga iska da yawa ya ɗauka mai ne bai isa ba. Tunda ta dawo bayan gyara, matsala ta biyu ce mai zaman kanta. Ka ce a buɗe maka inda ake ganin LTFT, wato yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa a kan ƙa'ida. Lafiyayyen inji kusa da sifiri yake zama, in ya haura kashi 10 cikin ɗari akwai magana. A duba shi tare da STFT, wato ƙarin da take yi nan take, a ralanti, sannan a riƙe inji wajen juyi 2500 a minti a sake dubawa. In ya yi sama a ralanti ya sauko da aka taka, iska ce ke satar hanya ta wani tsagi bayan an riga an auna. In kuwa ƙaruwa yake in an taka, to ko famfon mai ya gaji ko na'urar auna iska ta yi dauɗa.

Kawu_Sifana:
Ni ko ba a duba ba kuɗina na kan juwan ɗin kolekter, robar da ke tsakanin bututun iska na roba da kan inji. In ta tsufa da sanyi takan tsuke iska ta shiga, in inji ya yi zafi ta kumbura ta rufe. Shi ya sa rawar safe ce kawai. A duba ƙananan tiyo ma, musamman wanda ya fito daga murfin kan inji, da babban tiyon da ya taso daga gidan filtar iska, a lanƙwasa shi a ga ko ya tsage ta ƙasa inda ido baya gani. Wasu na fesa esansi a wajen su ji ko sautin inji zai canja, ni bana so, na ga gobara da idona. Ruwa a kwalbar fesawa ya wadatar, da safe kafin ta yi zafi.

Injiniya_Dang:
Kawu da girmamawa ni debitmetir nake zargi, wato na'urar auna iska. Ku tuna ƙurar da muke sha da hunturu, ga al'adar busa filtar iska da kwamfureso har ta yage a mayar. Ƙurar kan siririyar wayar da ke cikin na'urar take zama, sai ta riƙa auna iska ƙasa da wadda ke shiga. Sukurori biyu ne a cire, a fesa mata maganin wankinta ko na wanke kayan lantarki, a bari ta bushe. Kar a taɓa wayar da hannu ko tsinke, kar a wanke da esansi. A sa sabuwar filta.

Hajiya_Domayo:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. A motar nan filtar mai a cikin tanki take tare da famfo, ƙarƙashin kujerar baya, shi ya sa ba wanda ke tunawa da ita. Shekara nawa tana shan man bido? Alhaji ka sa a auna ƙarfin famfon.

Yaro_Mai_Valiz:
Hajiya ma tana da hujja, ya kamata agogo ya nuna tsakanin bar 3 da 3.5. Sai dai samun mai agogon ne aiki, yawanci tiyo suke cirewa su ga mai na feshi su ce lafiya lau.

Sarkin_Bido:
Hajiya ko me aka ce sai kin dawo da ita kaina. Allah ya huci zuciyarki.

Abu_Njamena:
Ba wanda ya yi maganar matsi. Rawar safe da ke tafiya in inji ya yi zafi wani lokaci ruwa ne ke ɗiga cikin silinda da dare. Alhaji ruwan radiyater na raguwa? Akwai farin hayaƙi mai yawa da safe? Ba ina maka fata ba ne, amma da an ciro buji an auna matsin silinda huɗun gaba ɗaya an huta. Kar wani ya sauka ƙasa da bar 10, kuma kar tazarar da ke tsakaninsu ta wuce bar 1. Injin nan sufaf ɗinsa, wato bawul, ma basa daidaita kansu, in tazararsu ta matse matsi na zubewa.

Baban_Ummi_Garwa:
Ruwa baya raguwa Abu, kullum ina dubawa, hayaƙi ma babu. Bujin da aka ciro ba wanda ya fita tas. Zan fara da wankin debitmetir da sabuwar filta tunda su ne masu sauƙi, in bata tafi ba a zo kan juwan. In an gyara sai na sake komawa a share wutar ne?

Yaro_Mai_Valiz:
Ba dole ba Baba, in matsalar ta kau da gaske wutar da kanta take mutuwa bayan tafiya uku a jere da ƙwaƙwalwa ta gwada bata ga komai ba. Ni na fi son a bar ta ta mutu da kanta ma. Amma don Allah a karanta LTFT ɗin kafin a wanke da bayan an wanke, in ba haka ba ba zamu san wanda ya ci gardamar nan ba tsakanin Kawu da Injiniya da Hajiya.

Kawu_Sifana:
Juwan ne. Ku rubuta ku ajiye.

Mai_Carina_Gidar:
Kawu na haɗa wayar, ta yi biyu ta tsaya ta yi biyar, can kuma ta yi biyu da ɗaya. Da wanne zan fara?